Wurin Zama Kafin Kyamara: Sharhi kan Fara Ɗaukar Hoton Wasanni

Da wuya a samu mai sha'awar damben zamani da bai taɓa cin karo da hoton nan na Muhammad Ali ba: yana tsaye a kan Sonny Liston, hannun dama a lanƙwashe a ƙirji, baki buɗe yana daka masa tsawa ya tashi, Liston kuwa na kwance rigingine. An ɗauke shi ran 25 ga Mayun 1965 a garin Lewiston na jihar Maine a Amurka. In hoton ya sake zuwa hannunka, ka bar fuskar Ali tukuna, ka duba tsakanin ƙafafunsa. Can bayan igiya za ka hangi wani mutum mai sanƙo da tabarau. Herb Scharfman ke nan, gogaggen mai ɗaukar hoto na mujallar Sports Illustrated. Da yake shi ne babba, shi ya fara zaɓar wurin zama. Ƙaraminsa a aiki, Neil Leifer, ɗan shekara 22, ya koma ɗaya gefen. Da Liston ya faɗi a turmin farko, Ali ya ba Scharfman baya, ya ba Leifer fuska.

Leifer da bakinsa ya sha cewa sa'a ya taka. Gaskiya ne, amma sa'ar ta same shi a shirye. Tun kafin ranar ya rataya fitilu masu ƙarfi a saman dandalin, ya sa fim mai launi a kyamararsa ta Rolleiflex, ya kuma san fitilun nan in sun walƙa sau ɗaya sai sun ɗauki lokaci kafin su sake cika. Harbi ɗaya gare shi, ya jira, ya yi shi a kan gaɓa. Na fara da wannan labari ne saboda tambayar da matasa suka fi yi idan sha'awar sana'ar nan ta kama su: wace kyamara zan saya? Tambaya ce mai kyau, zan kuma zo kanta. Sai dai a ganina ita ce ta uku. Ta farko: ka san wasan? Ta biyu: ina za ka zauna?

Yadda Leifer ya shigo sana'ar ma abin dubawa ne. Yana yaro a birnin New York, ba kati, ba kuɗin tikiti, sai ya riƙa taimakawa wajen tura kekunan tsofaffin sojoji naƙasassu zuwa cikin filin Yankee Stadium, kyamara a ɓoye cikin riga. Ta haka ya samu kansa a bakin fili ran 28 ga Disambar 1958, ranar da ya cika shekara 16, ya ɗauki cin da ya kawo ƙarshen wasan ƙarshe na ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Hoton ya kai shi ga Sports Illustrated. Ya fara da filin garinsu ne, da kyamarar da yake da ita.

Mu koma kan sanin wasa, domin nan ne gizo ke saƙar. Tsakanin ido ya ga abu da ɗan yatsa ya latsa maɓalli, mutum kan ci kusan rubu'in daƙiƙa. Bugun fenariti daga mita 11 ake yin sa, kuma ƙwallon da aka buga da ƙarfi na isa raga kafin rabin daƙiƙa. Naushin ɗan dambe ya fi haka sauri. Ma'ana, in sai ka ga abu ya faru sannan ka latsa, abin da za ka samu shi ne bayan faruwarsa: ƙwallo ta riga ta fice daga hoto, hannu ya riga ya dawo. Shi ya sa tsofaffin hannu a sana'ar ke cewa abin da idonka ya gani ya riga ya wuce ka. Dole ka latsa tun abin yana hanya, kuma ba mai iya wannan sai wanda ya san alamomin zuwansa.

A gidan dambe na fahimci haka. Ina zaune a kan yashi kusa da wani dattijo da ya daɗe yana ɗaukar hoto a wurin, kyamararsa har fenti ya koɗe a gefunanta. An sa zare, kalangu na tashi, 'yan damben biyu sun duƙa suna auna juna, kowa ya miƙa hannun karewa gaba, hannun da aka naɗe yana baya a ɗage. Ni idona na kan dunƙulen hannun, ina ta latsawa, shi ko motsi bai yi ba. Can sai na ji ƙarar kyamararsa sau biyu kacal, sai ga mutum a ƙasa, fili ya ɗauki sowa. Da aka tafi hutu na ce, "Baba, ta yaya ka san yanzu ne?" Ya ce, "Yaro, hannu kake kallo. Hannu ba ya faɗa maka komai. Kalli ƙafar baya. In ya dasa ta a yashi, kafaɗa ta sauka, to ga shi nan zuwa." Ya nuna mini allon kyamarar: zaren na taɓa muƙamuƙi, gumi ya fantsama a iska, yatsun ƙafar wanda aka kashe sun fara barin ƙasa. Kowane wasa na da irin wannan ƙafar bayan. A kokowa, lokacin da hannu ya samu bayan gwiwa ne. A ƙwallo, ɗaga kan da ɗan gefe ke yi kafin ya kwaso ta zuwa gaban raga. A tseren doki, kwanar ƙarshe.

Wannan ne ya sa nake ba duk mai farawa a ƙasar Hausa shawarar kada ya ɗora ransa a kan manyan filaye tun da fari. Filin ƙwallo na ƙa'ida kan kai mita 105 a tsawo da 68 a faɗi. Abin da ke faruwa a tsakiyarsa ya yi wa ƙaramar kyamara nisa. Amma a gidan dambe na Ado Bayero Square a Kano, ko na Dei-Dei a Abuja, ko filin kokowar Maraɗi da na Dosso, ko wasan langa a dandalin ƙauye bayan an kawar da amfanin gona, tsakaninka da 'yan wasa taku kaɗan ne. Gilashi mai lamba 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kasuwa, ya isa ya cika hoto da mutum biyu. Ga kuma filin unguwa, inda ba mai tambayarka kati, inda za ka yi kuskure sau ɗari ba wanda ya biya ka balle ya tuhume ka. Wasan da ka tashi kana kallo ka riga ka san rabin karatunsa.

To, sai kyamarar kanta. Abu uku ke haɗa hoto, kuma a wasanni ɗaya daga cikinsu ne sarki: saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da labulen kyamara ke buɗewa haske ya shiga. Lissafin ba wuya. Mai gudun mita 100 a daƙiƙa 10 yana cin mita 10 kowace daƙiƙa. In kyamara ta ƙifta a 1/100 na daƙiƙa, ya matsa santimita 10 kafin labule ya rufe, sai ya fito a shafe kamar an goga masa hannu. A 1/1000 kuwa santimita ɗaya ya matsa, sai ya tsaya cak. Saboda haka 1/1000 ne mafarin ƙwallon ƙafa da dambe da guje-guje. In da haske, a kai 1/1600 ko 1/2000. Tun asali ma wannan matsala ce ta haifi ɗaukar hoton motsi. A 1878, a gonar dawakin Leland Stanford da ke Palo Alto a Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanya, ya shimfiɗa zaruruwan da ke kunna su ɗaya bayan ɗaya, don a warware gardamar ko doki mai sukuwa na ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa a lokaci guda. Hotunan suka nuna yana ɗaukewa, kuma a lokacin da ƙafafun ke tattare a ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda masu zane suka saba miƙe su gaba da baya.

Saurin ƙiftawa na da farashi: haske kaɗan ke samun shiga. Nan sauran biyun ke shigowa. Ɗaya ita ce tagar haske da ke cikin gilashi, wadda ake aunawa da lambar f. Ƙaramar lamba, babbar taga. Gilashi mai f/2.8 yana shigar da ninki huɗu na hasken da mai f/5.6 ke shigarwa, kuma buɗaɗɗiyar taga na narkar da bayan fage, ɗan wasa ya fito fes daga cikin tarin 'yan kallo da allunan talla. Ɗayar ita ce ISO, ƙarfin jin haske na kyamara. Da rana tsaka 200 ko 400 ya isa. Amma wasannin gasar ƙwararru ta Najeriya yawanci da ƙarfe huɗu na yamma ake take su, su ƙare gab da shida, kuma a watan Disamba rana na faɗuwa a Kano jim kaɗan bayan shidan. Hasken da ka fara da shi ba shi za ka ƙare da shi ba. Bayan hutun rabin lokaci inuwar rumfar 'yan kallo ta cinye rabin fili, ISO zai hau 1600, ya hau 3200, hoto ya fara yin tsaki-tsaki. Masu farawa kan tsorata da tsakin nan, sai su rage saurin ƙiftawa. Kuskure ne babba. Hoto mai tsaki amma a tsaye ana iya buga shi a jarida. Wanda ya shafe kuwa ba maganinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kafa ƙiftawa a 1/1000, ka buɗe taga iyakarta, ka bar ISO ya riƙa hawa da sauka da kansa.

Akwai wani abu da littattafan koyon hoto da aka rubuta a Turai ba su cika tsayawa a kai ba, alhali mu kullum da shi muke fama. Ma'aunin hasken kyamara na duban fage gaba ɗaya ne ya raba tsakani. Ɗan wasa baƙar fata, cikin farar riga, a kan farin yashi, sama na ƙyalli a bayansa: kyamara za ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, fuskar ta koma dunƙulen duhu ba ido ba hanci. Hoton wasa kuwa fuska ce ransa, domin a nan wahala da fushi da murna suke. Ka auna haskenka a kan fuska, ka ƙara kashi ɗaya ko biyu bisa uku na mataki a kan abin da kyamara ta ba ka, ko da rigar za ta ɗan yi fari fiye da kima. Ka kuma sa rana a bayanka ko a kafaɗarka. Da la'asar tana yamma, don haka gefen yamma na fili naka ne. Hazon hunturu, duk da ƙurarsa, aboki ne a nan: yana tausasa rana, inuwar ƙarƙashin ido ta ragu.

Saitin gani kuma a sa shi a kan mai bin motsi, wanda Canon ke kira AI Servo, Nikon da Sony kuma AF-C. Ka zaɓi ɗigo ɗaya ko ɗan ƙaramin gungu a tsakiya, ka ɗora shi a ƙirjin ɗan wasa inda lamba ko rubutu yake, domin kyamara na son wurin da launi biyu suka haɗu. Ɗaukar jere, inda kyamara ke sakin hotuna takwas ko goma a daƙiƙa, taimako ne, amma a gajeren zango: uku, huɗu, ka saki. Wanda ya danne maɓalli tun daga tsakiyar fili zai cika memori da shara, kuma sau da yawa kyamara na tsayawa ta huta daidai lokacin da ƙwallo ke shiga.

Yanzu ga amsar tambayar nan ta wace kyamara. Masu ɗaukar hoto na manyan kamfanonin dillancin labarai na zuwa fili da kyamara biyu ko uku, ɗaya ɗauke da gilashin 400mm f/2.8 a kan sanda mai ƙafa ɗaya, ɗaya da 70-200mm f/2.8 a rataye a kafaɗa. Sony ta fitar da a9 III mai iya ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa. Kuɗin waɗannan kaya ya isa sayen mota, kuma mai farawa ba ya buƙatarsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Canon 7D ta 2009 tana ɗaukar takwas a daƙiƙa; 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 goma-goma. Dukkansu don wasanni da namun daji aka ƙera su, ana kuma samun na hannu. Suna da wata fa'ida: faifan da ke karɓar haske a cikinsu ƙarami ne, sai gilashin 200mm ya riƙa gani kamar 300mm ko ɗan fiye, wato nisa kyauta. In za ka sayi ta hannu, ka sa a duba maka adadin ƙiftawar da ta yi, domin labulen irin waɗannan an ƙera shi ne don 150,000 zuwa 200,000. Ka haska fitilar waya cikin gilashi ka nemi hazo ko funfuna. Ka gwada saiti a kan babur mai wucewa kafin ka biya. In kuɗi bai isa duka biyu ba, ka zuba shi a gilashi. Kyamara na tsufa, gilashi mai kyau kan yi shekaru yana bin mai shi daga wannan kyamara zuwa waccan. Mai 70-300mm f/4-5.6 na aiki sosai da rana, ya gaza da almuru. Mai 70-200mm f/2.8 shi ne abin tara wa kuɗi.

Waya fa? Tana iya ɗaukar shigowar 'yan wasa, makaɗa, magoya baya, ɗan kokowa yana kirari, har kaye ma in kana kusa kuma da rana. A nesa da cikin duhu take gazawa. Wanda ba shi da komai sai ita ya fara da ita, domin ido ake horarwa.

A filin ƙwallo, wurin da ya fi ba da hoto shi ne bayan layin raga, tsakanin tutar kwana da akwatin mai tsaron gida, a ɓangaren da ƙungiyar da kake bi ke kai hari. A nan 'yan gaba ke tahowa suna fuskantarka, ƙwallo a ƙafa, fuska a buɗe. Wanda ya tsaya a tsakiyar layin gefe yawanci kafaɗu da ƙeya yake kwasa. Ka zauna ƙasa, a kan 'yar kujera ko a gwiwa. Daga ƙasa ɗan wasa na yin tsawo da kwarjini, tsalle na nuna nisansa da ciyawa, bayan fage kuma ya zama 'yan kallo maimakon fili. Kafin a take wasa ka leƙa ta cikin kyamara ka ga me ke bayan inda kake sa ran abu zai faru: motar asibiti, kujerun da ba kowa, turken fitila da zai tsiro daga kan mutum. In ya yi muni, matsa taku biyar. Kada ka bi ƙwallo ko'ina. In ta yi nisa, bar ta, za ta dawo. A bugun kwana, ka saita a kan dogon ɗan bayan da ya hauro ko a kan gola, ka jira ƙwallo ta same su. Ka kuma je da wuri, awa guda kafin lokaci, ka karɓi jerin sunaye da lambobi, ka gwada haske a kan masu motsa jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban kuskuren mai farawa, wanda na fi jin zafinsa in na gani, shi ne sauke kyamara da zarar ƙwallo ta shiga, ko don murna ko don ɗokin duba allo. Tambayi duk ɗan Najeriya da ya kalli wasan ƙasarsa da Bulgeriya a gasar cin kofin duniya ran 21 ga Yunin 1994 a Dallas, wane hoto ya rage masa. Ƙwallon da Finidi George ya miƙo, Rashidi Yekini ya tura ta raga, ba wani abin mamaki a bugunta. Abin da ya zauna a zukata shi ne Yekini, haifaffen Kaduna, a cikin raga, ya zura hannuwa ta ramukanta ya dunƙule su yana kuka da ihu. Wannan ya zo ne daƙiƙoƙi bayan cin. Haka a 2018 a Mosko, da Mario Mandzukic ya ci Ingila a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya, 'yan Kuroshiya suka yi tsibi a kan Yuri Cortez na kamfanin AFP, suka danne shi a ƙasa. Yana kwance a ƙarƙashinsu bai daina latsawa ba, hotunan suka zaga duniya. Bayan ci, ka bi wanda ya ci. In ya yi ɗaya ɓangaren, juya ga golan da aka ci, ko koci, ko rumfar magoya baya. A dambe ma haka: bayan kisa akwai tsallen wanda ya yi nasara zuwa gaban makaɗa, akwai masu liƙi, akwai yaran da ke kwance wa wanda aka kashe zare.

In hannu ya faɗa, sai a fara karya dokar 1/1000 da gangan. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, a tseren kusa da na ƙarshe na mita 100, Cameron Spencer na Getty Images ya sauke ƙiftawa zuwa 1/40, ya riƙa juya kyamara yana raka Usain Bolt daidai da gudunsa. Fili da ƙafafu suka shafe, fuskar Bolt ta fito yana waiwaye da murmushi. Wannan rakiya ana koyon ta a bakin titi da masu keke da babura, a 1/60 ko 1/125. Cikin hoto hamsin wataƙila biyu su yi. Ranar sukuwa ko hawan sallah za ka ga amfaninta.

Ƙura abokiyar gabar kaya ce. Kada ka canja gilashi a fili lokacin hunturu. In dole ne, juya wa iska baya, bakin kyamara na kallon ƙasa. Ka riƙe ɗan famfon hura iska da ƙyalle mai laushi, da leda don damina, da batir biyu cikakku tun daga gida, da memori fiye da ɗaya. Lafiyarka kuma ta fi hoto. Wanda idonsa ke cikin dogon gilashi ba ya ganin abin da ke tahowa ta gefe, shi ya sa ƙwararru ke barin ɗaya idon a buɗe. A filin folo na Kaduna ko Katsina, ƙwallon mai tauri ce, doki kuma ba ya tsayawa don ya ga layi. Ka ba da tazara. In ka ga rumfar 'yan kallo ta fara zafi, duwatsu ko robobin ruwa sun fara tashi, ka san ƙofar da za ka bi tun kafin a hura tashi.

Aiki bai ƙare da busar ƙarshe ba. Za ka koma gida da hoto dubu ko fiye, kuma darajarka na cikin waɗanda ka hana mutane gani. Fitar da ashirin. Sharaɗin mai sauƙi ne: fuska a fili, ƙwallo a ciki, saiti a kan mutumin da ya dace. Ka yanke gefuna, ka daidaita layin ƙasa, ka gyara haske da launi daidai yadda ido ya gani. Daga nan ka tsaya. Ɗauko ƙwallo daga wani hoto a manna, ko goge mutum, ko sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta cike abin da babu, ya fitar da hoto daga labari ya mai da shi ƙarya, kuma manyan kamfanonin labarai na raba gari da mai hoto a kan haka. Sannan bayanin hoto: wane ne, na wace ƙungiya, me yake yi, da wa, a ina, yaushe. Ka rubuta shi cikin fayil ɗin kansa don ya bi hoton duk inda ya je. Sunan da aka rubuta ba daidai ba na zubar da mutunci a wurin edita fiye da hoton da bai yi kyau ba. Sauri ma na cikin sana'ar: ƙungiya na son hoton cin farko tun ana hutun rabin lokaci, don ta sa a Facebook da X.

Shiga manyan filaye, kamar na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ko na Ahmadu Bello a Kaduna, ko na Seyni Kountché a Yamai, sai da katin izini, kuma kati na bin aiki ne. Hanyar ita ce ka tara hotuna goma sha biyar zuwa ashirin mafi kyau daga ƙananan wasanni, ka kai wa jami'in yaɗa labarai na ƙungiya, ko editan wasanni na wata jarida ko gidan rediyo mai shafin intanet, ka kuma kusanci reshen ƙungiyar marubuta wasanni ta SWAN na jiharku. A gidan dambe da filin kokowa, ka fara gai da shugabannin wurin ka faɗi abin da ya kawo ka. In an ba ka wuri, ka riƙe ladabinsa: ba walƙiyar fitila a idon ɗan wasa, ba tsallaka layi, ba tsayawa a gaban wanda ya riga ka zama, ba ihun goyon baya da rigar 'yan jarida a jikinka. Yara 'yan makarantun horar da ƙwallo, a nemi yardar koci da iyaye kafin a watsa hotonsu. Wasannin mata, a ɗauki wasan, a kiyaye mutunci. Kuma nan wuri ne da mata masu ɗaukar hoto za su shiga inda namiji ba zai shiga ba, ina fatan ganinsu da yawa. Wanda ya ji mummunan rauni, ka tuna mahaifiyarsa na da waya.

Batun kuɗi, gaskiya ɗaya ce: da farko ba ya zuwa daga jaridu. Yana zuwa daga 'yan wasan da ke son hoton da za su tura wa wakili, da makarantun ƙwallo, da masu shirya gasar unguwa ko ta makarantu, da masu dawaki. Da yawa na haɗawa da hoton biki don kaya su biya kansu, ba kuma abin kunya ba ne. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne bayar da aiki kyauta ba iyaka da sunan za a tallata ka. Ka yi magana a kan farashi da inda za a yi amfani da hoto tun kafin wasa, ko da a saƙon WhatsApp ne, don ya zama shaida. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta bar mallakar hoto a hannun wanda ya ɗauka matuƙar ba wata yarjejeniya da ta ce akasin haka. Ka sa sunanka ƙarami a kusurwa, ka riƙe asalin fayil a wurinka.

Riƙe asalin nan ya wuce batun ciniki. Shago ya yi zamaninsa a dambe, amma abin da ya fi riƙe mana shi yau muryar mawaƙi Ɗan Anace ce. Kunne ya samu rabonsa, ido bai samu kamarsa ba. Gasar takobin kokowa ta Nijar tun 1975 ake yin ta, aka fara a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, kuma kowace shekara 'yan kokowa 80 daga jihohi takwas ke haɗuwa. Nawa ne daga cikin kayen da aka yi a waɗannan shekaru ke ajiye a hoto mai suna da kwanan wata? Don haka kowace fita a buɗe mata jaka a kwamfuta da shekara, wata, rana da sunan wasa, a kwafe ta wuri biyu, kada a goge hoton yaro don ba a san shi ba. A kakar 2009 zuwa 2010 wani siririn yaro ɗan shekara 17 da ya zo daga Jos ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a gasar ƙasa, ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Shekara takwas bayan haka, a Volgograd, yaron nan, Ahmed Musa, ya zura wa Aisland biyu a gaban ɗaruruwan kyamarori. Hotunan lokacin da yake yaro cikin rigar Pillars kuwa, suna hannun 'yan kaɗan ɗin da suka zauna a bayan raga a Kano, suka rubuta sunansa a ƙasan hoto, suka adana.